Wanda Ya Ce Rariya

Lahadi, ƙarfe tara na safe

An ci mu uku da biyu. A gidanmu, a gaban idonmu, kuma a hannun ƙungiyar da ko motar kanta ba ta da ita.

Bari in fara da ƙofa, don daga can ranar ta lalace. Filin ƙwallon nan ƙofa shida gare shi, na ƙirga su tun ina da gashi a ka. Jiya ɗaya suka buɗe, ita ma rabi, suka tsayar da wani ƙato da sanda yana juya kowane tikiti gaba da baya kamar bai taɓa ganin takarda ba. Dubban mutane a rana, wannan ya taka ka, wancan ya numfasa maka a ƙeya. Sai da aka yi minti goma sha biyu da take wasa muka shiga, ni da Tela, an riga an ci mu ɗaya. Lasifikar filin kuwa sana'ata ce, daga inda nake zaune na san ciwonta: waya ɗaya ce ta saki. Shekara uku tana gurnani, ba mai jin sunan wanda ya shiga ko wanda ya fita. Da za su ba ni tsani da rabin awa da an wuce wurin. Maganar banɗaki ba zan rubuta ba, littafin nan sabo ne.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ni da Tela muna zama a mataki na bakwai, ɓangaren rana, shi a hagu ni a dama. Ba kujera, siminti ne, kowa da kwalin da yake shimfiɗawa. Bana kuwa ɗansa ne a raga. An haife shi a kakar da muka fara zama a can, kuma har yau, duk tsawon nan nasa, in ya gan ni sai ya rusuna ya ce Baba. Gola muke ce masa tun yana tare ƙwallon tsumma a ƙofar shagon ubansa.

Ta ukun da aka ci mu, saura minti biyu a tashi, ƙwallo ce da ko kakata za ta tare da gefen zani. Ta taho a hankali, ya durƙusa, ta bi tsakanin hannuwansa ta wuce abinta. Tela ya naɗe kwalinsa ya ce zai jira yaron a ƙofar 'yan wasa. Na taho gida ni kaɗai, raina a ɓace, waya a aljihu.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da jiya.

Litinin, sha biyu da rabi na rana

Masifar gyaran rediyo ita ce ba ka da ikon toshe kunne. In ka gama haɗa waya dole ka kunna ka ji ko ta tashi. Yau uku na gyara, ukun duka na same su a kan tashar da ake shirin wasanni, kamar masu su sun haɗa baki.

Mutum biyu ne ke sharhi a shirin. Akwai Farfesa, wanda ban taɓa ganin ƙeyarsa a ɓangaren rana ba. Yana can ɗakin gilashi a sama, sanyi na busa shi, yana gaya mana mu da muke gasuwa cewa ba mu fahimci ƙwallo "a kimiyyance" ba. Akwai kuma Lamba Tara, tsohon ɗan gaba. Ƙwallo goma sha ɗaya ya ci a duk rayuwarsa, ina wurin aka ci tara daga ciki, amma kowace shekara sai sun ƙara nisa. Wadda ya tura da gwiwa a bakin raga yanzu ta koma daga tsakiyar fili.

Yau ba su da aiki sai maimaita muryar wani da ya kira su ranar Asabar bayan an tashi. Ya ce sunansa Mai Kishi. Murya a toshe kamar mai mura. Ya ce abin da ke ragarmu ba gola ba ne, rariya ce. Sun yanko wannan wurin, sun sa masa ɗan kiɗa a ƙarƙashi, suna sakawa suna dariya har Lamba Tara na tari. Sau shida na ƙirga kafin sha biyu.

Mai rediyo ta ukun yana tsaye yana jira. Ya ce, "Wallahi Injiniya, mutumin nan ya faɗi abin da ke raina."

Na ce ya daina murɗa eriya kamar yana faɗa da ita, na miƙa masa kayansa.

Talata, sha ɗaya da kwata

Kullum ƙarfe sha ɗaya Tela ke ɗauke ƙafa daga keken ɗinki ya zo shagona, mu sha shayi, mu gyara ƙungiya da baki. Jiya bai zo ba. Yau ma bai zo ba. Wataƙila ɗinki ne ya yi masa yawa.

Laraba, bakwai na yamma

Maman yara ta ajiye mini abinci, ba ta tafi ba. In ta tsaya haka da hannu a ƙugu na san shari'a ce ta zo.

"Baban yara, tambaya gare ni. Ranar Asabar da ka dawo daga kallo, me ya kai ka bayan tankin ruwa da waya?"

Na ce sabis nake nema.

"Sabis ɗin ne ya ce ka naɗe ta da hankici?"

Na ce abincin ya yi gishiri. Ta ce bai yi ba, ta fita.

To. Littafin nan ba shi da baki, bari in gaya masa. Shekara goma sha huɗu ina kiran shirin nan, ban taɓa samun shiga ba. Kullum layi a cike. Na kira in yi maganar ƙofa, na kira in yi maganar lasifika, na kira ranar da iska ta yaye rufin ɓangaren inuwa. Ko sau ɗaya ba a ɗauka ba. Sai ranar Asabar, da jinina ke tafasa, bugu ɗaya na ji an ce, "Kana kan layi, Malam." Daƙiƙa arba'in na yi. Ban yi maganar ƙofa ba.

Hankicin kuwa ban san me zan ce a kansa ba. Wanda zai yi maganar ƙofa ba ya naɗe waya.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, Tela. Ba wanda ya san muryata kamar mutumin da na yi shekara ashirin da ɗaya ina ihu a kunnensa na dama. In ya gane, na rasa shi, kuma ba ni da wani abokin bayan shi. Sauran duk 'yan gaisuwa ne. Amma muryar ta toshe sosai, ni kaina da ƙyar na gane ta.

Asabar, shida da rabi na yamma

Wasan waje, an ci mu ɗaya mai ban haushi. A shago na saurara.

Farfesa da Lamba Tara ba su je ko'ina ba. Wani bawan Allah ne a filin yake gaya musu abin da ke faruwa ta waya, su kuma su ƙara masa gishiri su sayar mana. Ina jin ƙarar cokali a kofi yayin da Farfesa ke cewa yana ganin 'yan bayanmu sun buɗe da yawa. Da wane idon?

Shi wanda ke filin ya faɗa da bakinsa cewa Gola ya tare shida, biyu daga ciki sai da ya tashi sama kamar zai bar duniya. Wadda ta shiga ma ƙafar ɗan bayanmu ta buga ta kauce. Amma kafin ta gama kwanciya a raga sun danna abin nan. Rariya ce, rariya ce, da kiɗansa.

Na tura musu saƙo cewa wannan ba laifin gola ba ne. Ba su karanta ba. Sun karanta na wani mai gaida surukarsa.

Litinin, sha ɗaya da rabi

Na zuba shayi kofi biyu saboda sabo. Na shanye duka.

Alhamis, huɗu na yamma

Da safe na ɗauki wandona mai ruwan toka na ce zan kai ɗinki, aljihu ya yage. Maman yara ta karɓa ta duba, ta dube ni.

"Jiya na goge wandon nan, lafiyarsa ƙalau. Wannan yagar almakashi ce."

Na ce ƙusa ce.

"To, Allah ya sa ƙusar ta iya ba da haƙuri."

Matar nan, in ka aure ta ba ka buƙatar alƙali.

Na tafi da wandon har kwanar layinsu. Daga nan ana jin kekensa, yana gudu ya tsaya, yana gudu ya tsaya. Na matsa na hango bayansa, tef ɗin awo a wuya, ya sunkuya kan wata farar riga. Rediyon da ke kan kantarsa, wadda ni na gyara masa har sau huɗu, an lulluɓe ta da ƙyalle. Tela da ba ya iya zura zare a allura sai tana magana.

Na tsaya kamar minti biyu. Na ce a raina, in ya sani me zan ce, in kuma bai sani ba don me zan tono? Sai wani mai babur ya yi mini hon, na kauce, kaucewar da ta dawo da ni shago ke nan. Wandon na nan a ƙarƙashin tebur.

Asabar, bakwai na yamma

Yau ƙofa biyu suka buɗe, wai wani babban baƙo zai zo. Sun shafa wa bango fenti daidai inda idonsa zai kai, suka bar sauran da dattinsa. An kawo masa kujera mai laushi da fanka. Ya iso bayan rabin awa, aka tsayar da hankalin kowa ana tafa masa, ya tafi kafin a tashi. Mu da muka sayi tikiti da guminmu ko ruwan sha babu a ɓangarenmu, an kori masu sayarwa don kada su ɓata wa baƙo gani.

Ina ta rubuta wannan ne don kada in rubuta ɗayan.

Na shimfiɗa kwalina a mataki na bakwai. Hagu ba kowa. Wani ya zo zai zauna na ce da mai wurin. Har aka fito motsa jiki mai wurin bai zo ba. Sai na hango shi can bayan raga, inda ba mai zama don ba a ganin wasa sosai, yana tsaye shi kaɗai ya riƙe waya ta shinge.

Gola ya fito yana gyara safar hannu. Mai Ganga, wanda ke jagorantar waƙa a ɓangarenmu, ya buga sau uku. Na ɗauka waƙarmu ta kullum zai ɗauko. Sai na ji an ce, "Ra-ri-ya! Ra-ri-ya!" Ba baƙi ba, namu. Wasu har da rariyar gaske suka zo, sun sato ta iyayensu mata, suna kaɗawa a sama. Kafin ka ce me, duk ɓangaren rana ya ɗauka.

Na juya ga samarin da ke bayana na ce, "Kai, ku ji tsoron Allah! Ɗanmu ne fa, rigarmu ce a jikinsa."

Ɗaya ya ce, "Baba, ba mu muka ƙirƙira ba. A rediyo aka faɗa."

Na juyo. Daidai lokacin Gola ya ɗago ya dubi wajenmu, wajen mataki na bakwai, kamar yadda yake yi kafin kowane wasa. Na ɗaga masa hannu. Ban san abin da ya sa ba, hannun ne kawai ya tashi.

Minti talatin ya yi yana riƙe kansa. Sai aka bugo kwana, ƙwallo mai sauƙi, ya fito ya kama ta da hannu biyu, ta zame. Suka tura ta ciki. Ihun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa a filin nan ba, mutane na murna an ci ƙungiyarsu don waƙarsu ta yi daidai. Da aka dawo hutun rabin lokaci wani ne a raga.

Tela bai jira rabi na biyu ba. Na bi shi da ido yana tafiya a hankali a gefen shinge har ya fita. An tashi ɗaya da ɗaya, in akwai wanda ya damu.

Lahadi, sha biyu na rana

Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma wannan karon ba ƙarya na yi ba.

Talata, biyar na yamma

Na yanke shawara. Inda aka ɓata a nan za a gyara. Zan kira shirin in janye maganata, kowa ya ji.

Jiya sau goma sha bakwai na kira, yau sau ashirin da biyu. Layi a cike. Wanda ya samu shiga yau minti uku ya yi yana bayani a kan launin safar alƙalin wasa.

Laraba, biyu na rana

An ɗauka. Da ma ba a ɗauka ba.

"Wa muke tare da shi?" in ji Farfesa.

"Mai Kishi ne."

Sai ɗakin ya kaure. Lamba Tara na buga tebur yana cewa, "Jama'a, ga shi nan! Mai rariya da kansa! Ina ka shiga, mutumina?"

Na ce, "Na kira ne in janye abin da na faɗa. Yaron nan bai cancanci..."

"A'a, a'a, Malam," in ji Farfesa. "Kada ka ji tsoron kowa. A kimiyyance, abin da ka faɗa alƙaluma sun tabbatar da shi."

"Waɗanne alƙaluma? Shida ya tare a wasan waje, kuna nan kuna shan shayi!"

Suka fashe da dariya. Lamba Tara ya ce, "Ka ji shi, zafinsa na nan! Don Allah sake faɗa mana ita sau ɗaya, sabuwa fil, waccan ta fara tsufa."

Na ce, "Ku saurare ni. Ɓacin rai ne ya sa, ni na san yaron nan tun..."

Sai tallar sabulu ta shigo. Ina ta magana ni kaɗai, ashe sun katse ni. Da suka dawo Farfesa ya sauke murya kamar mai ta'aziyya, ya ce ga alama dangin golan sun matsa wa bawan Allah nan lamba, kuma wannan abin takaici ne ga 'yancin mai kallo. Ka ji fa. Na je kashe wuta na ƙara mata fetur.

Hankicin? Na sa. Na ce ba zan sa ba, amma da na ji layi ya shiga sai na gan shi a kan wayar.

Alhamis, ɗaya na rana

Ƙarfe sha ɗaya daidai inuwa ta rufe ƙofar shago. Na ɗago, Tela ne. Ya rame.

"Injiniya."

"Tela! Shigo mana, ga kujerarka."

"A'a, na bar dutsen guga a wuta. An ce jiya ka sake kira."

Na buɗe baki na ce, "Ni?"

"Kada ka ƙara mini da wannan, don girman Allah. Ranar ina tsaye a ƙofar 'yan wasa, rediyon maigadi a kunne. Kafin ka gama sallama na gane ka. Ko bargo ka naɗa zan gane ka."

Na ajiye abin da ke hannuna. Ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa, bai ko dube ni sosai ba.

"Rariya ba ta dame ni ba. Gola nawa suka tsaya a ragar nan ka kira su rariya a kunnena, ina taya ka? Bakinka ne, na saba da shi. Amma faɗi sauran."

Na shiga tattara wayoyin da ke kan tebur.

"Faɗa mana. Su 'yan rediyo sun yanke wurin don ba ya ba da dariya. Ni ban yanke ba."

Ban taɓa rubuta shi a littafin nan ba. Na yi ta zagaye shi kamar rami a hanya. Abin da na ce bayan rariya shi ne, a kore shi ya koma shagon ubansa ya riƙa ɗinka maɓalli, can ne gadonsu.

Na faɗa masa, da bakina, a gabansa. Ya gyaɗa kai.

"Da maɓallin nan na saya masa takalmin ƙwallo na farko. Kai ka raka ni kasuwa. Kwana goma sha tara ina jiranka. Duk wanda ya gitta ƙofar shago sai in ɗaga kai. Ranar Alhamis da ta wuce na gan ka a madubi da wando a hannu, na ce alhamdu lillahi, na jawo kujera. Ka juya. Daga nan zuwa wurina tafiyar minti nawa ce? Amma da ka tashi neman gafara, sai ka je neman ta wurin Farfesa."

Na ce, "Tela, ka yafe mini. Na yi kuskure, ban da abin cewa."

"Na yafe. Wannan ba wuya. Zaman ne ba zan iya ba. In na zauna a hagunka, duk ihun da ka yi waccan muryar zan ji."

Ya juya zai tafi, ya dawo.

"Abu ɗaya na zo roƙo. Yaron bai ji kiran duka ba, guntun nan kawai ya sani, kuma bai san kai ne ba. An ba da shi aro ga wata ƙaramar ƙungiya can nesa, Litinin zai tafi. Na san halinka, yanzu cikinka zai riƙa ƙaiƙayi ka je ka faɗa masa don ka samu sauƙi. Kada ka yi. Mutanen da yake ganin girmansu ba su da yawa yanzu. Kayanka ne, ka ɗauki abinka."

Na ce na ji. Ya ce a gaida maman yara, ya tafi. Shayin na kan wuta har ya ƙone.

Juma'a, shida na yamma

Rediyo huɗu na gyara yau, ban kunna ko ɗaya ba. Na ce masu su su gwada a gida.

Maman yara ba ta tambaye ni komai ba. Ta zauna kusa da ni har na gama cin abinci, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Asabar, shida da rabi na yamma

Wasan waje. Huɗu da nema. Sabon golan da suka yi ta yabo, huɗu aka zura masa, ɗaya ma daga kusan tsakiyar fili.

Na rantse ba zan saurara ba, amma maƙwabcina mai gyaran takalmi ya ƙure tasa. Farfesa ya ce shi dama tun farko ra'ayinsa shi ne a yi haƙuri da matashin golan nan, don a kimiyyance gola ba ya nuna sai ya kai shekara ashirin da biyar. Lamba Tara ya ce wallahi ranar da aka yi wa yaron waƙa bai iya cin abinci ba. Suka haɗu a kan cewa matsalar ƙwallonmu ita ce 'yan kallo marasa tarbiyya irin su Mai Kishi.

Na tashi in jefi wani abu, na rasa wa zan jefa. Maƙaryata ne, marasa kunya, sun ci da muryata sun goge baki. Amma ba su suka kira ni ba, ni na kira su.

Litinin, goma na safe

Gola ya zo. Ina cikin kwance bayan wata tsohuwar rediyo na ji an ce, "Baba, ina kwana?" Ga shi ya cika ƙofa, jaka a kafaɗa, ya rusuna har gwiwarsa na taɓa ƙasa.

"Sallama na zo yi, motar sha ɗaya zan bi."

Na ce ya tashi, ya tashi, na jawo masa kujera. Na tambaye shi garin, da wurin kwana, da ko filinsu na da ciyawa. Duk abin da ya zo bakina na tambaya don kada a yi shiru. Ya ce filin ƙasa ne, amma kocin ya ce shi zai riƙa tsarewa. Ya yi dariya ya ce aƙalla can ba su da gidan rediyo.

Sai ya daina dariya.

"Baba, akwai abin da nake so in faɗa maka. Ranar nan da fili ya ɗauki waƙa, Abba yana bayana, ba na ganinsa. Kai nake gani. Duk ɓangaren rana baki a buɗe, kai kaɗai naka a rufe, ka ɗaga mini hannu. Wallahi da ba don hannun nan ba da na cire safa na fita tun kafin a busa. Ba zan manta ba."

Na ce ba komai. Na ɗauki sukurdireba na ajiye, na sake ɗauka.

"Na tambayi Abba me ya hana shi zuwa shan shayi, ya ce ɗinki ne. Ni dai ban yarda ba. Ko mene ne, don Allah ku shirya. Ka riƙa leƙa shi, in na tafi shi kaɗai zai rage a shagon."

Na ce in Allah ya yarda.

"Shi kuwa mutumin rediyon nan, da na ce sai na nemo shi ko a ina yake. Yanzu na fasa. Na bar shi da Allah."

Ya tsaya yana dubana, yana jiran abin da babba zai ce. Gaskiyar ta zo mini baki. Na tuna roƙon ubansa, na haɗiye.

Na ce, "Ka yi daidai."

Ya ji daɗi. Ya saɓa jakarsa, ya sake durƙusawa ya ce in sa masa albarka. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ba wanda zan kai wa ita. Na ɗora hannu a kansa na sa masa, da wannan bakin, shi kuma yana ta cewa amin.